Lasisin Masu Gashin Ƙashi: Wa Ke Tantance Alƙaluman Hukuma?



Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san sashen gashi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Jankwano, za ka tarar da dattijo riƙe da ƙarafa biyu yana koyon tafiya, ma'aikaci na biye da shi yana cewa, "Baba, ɗaga ƙafar, saura taku ɗaya." Garin Jos ya fi wasu sanin darajar wannan aiki, domin rikicin 2001 da na 2008 da bam ɗin Taminus na 2014 sun bar mana mutanen da har yau suke neman gashi da ƙafar roba.

Mai ba wa ma'aikacin nan izinin taɓa Baba ita ce hukumar MRTB, wadda Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Ita ke rajistar masu gashin ƙashi, da masu gyaran magana da ji, da masu haɗa gaɓoɓin roba, ita ke sabunta musu lasisi duk shekara, kuma ita ke ladabtar da mai laifi. To, in irin wannan hukuma ta ce ta yi wa mutum kaza rajista, ta rufe wuraren bogi kaza, wa ke bin sawun maganar?

Ba zargin ƙarya nake yi ba. Alƙalami yana iya zama gaskiya kuma ya ɓatar da mai karatu. Ku ɗauki rajista. Suna yana nan a littafi ko da mai shi ya koma Ingila ko Kanada ko Saudiyya, ko ya bar aikin, ko ma Allah ya yi masa rasuwa. Adadin da zai amfani majinyaci a Pankshin ko Shendam shi ne na waɗanda suka sabunta lasisi bana kuma suke aiki a Jihar Filato. Wanda zai fita waje yakan nemi takardar shaida daga hukumar, ke nan ƙirga masu haramar tafiya ba zai yi mata wuya ba.

Haka batun jinkirin rajista. Idan aka fara ƙirga kwanaki daga ranar da ofis ya ce takardu sun cika, watannin da mai neman rajista ya yi yana kai-komo sun ɓace daga lissafi. Ƙarancin ƙorafi ma ba ya nuna aiki ya yi kyau. Matar da ɗan bogi ya ƙona mata ƙafa da na'urar gashi ba ta san akwai inda ake kai ƙara ba. "Haka Allah ya ƙaddara" za ta ce, ta koma wurin mai ɗori.

Wani zai ce ai akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Sashe na 85 na Tsarin Mulkin 1999 bai ba shi ikon binciken asusun irin waɗannan hukumomi kai tsaye ba. Yana ba da jerin masu bincike, ya yi sharhi kan rahotonsu. Su kuwa kuɗi suke bi. Ko lissafin naira ya daidaita, bai gaya mana ko da gaske an je duba asibitin da aka ce an duba ba.

Roƙona ga hukumar shi ne ta riƙa buga sunayen masu lasisi mai rai jiha-jiha, yadda kowa zai duba a wayarsa, ta faɗi yadda take ƙirga kowane adadi, ta kuma bar wani na waje ya zaɓi fayiloli ya gwada su da rahoton.

Ku kuma malaman jami'a da 'yan jarida, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa buƙatarku. Ku rubuta ku tambaya. Iyaye, kafin a ɗora hannu a kan majinyacinku, ku nemi ganin lasisin bana.