Kana da Digiri, Kana Son Komawa Karatun Nas? Ga Yadda Ta Kaya da Ni

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne, saboda labarin nawa ne, kuma na daɗe ina ɗaga shi don akwai 'yar kunya a ciki.

Tun ranar da muka yi magana kan zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa, tambaya ɗaya ke ta dawo mini. Wannan ya ce Bayoloji ya karanta, waccan ta ce ita Soshiyoloji ta yi, an gaya musu wai a Kanada mai digiri zai iya zama nas cikin shekara biyu, shin da gaske ne? Da gaske ne. Ni da kaina na nema, ban samu ba, kuma saura ƙiris gonar gidanmu ta salwanta a kan maganar. To ku gyara zama.

A Kanada karatun nas na jami'a shekara huɗu ne ga wanda ya fito daga sakandare. Amma akwai ƙofa ta biyu da aka buɗe wa wanda ya riga ya yi karatun jami'a a wani fanni daban, ko ya gama ko ya yi nisa. Sai su ce tunda ka san zaman aji, ka yi darussan share fage, za mu matse maka karatun cikin wajen shekara biyu. Jami'ar Toronto tana da irinsa, York tana da shi, McMaster da Western da Queen's kowacce da nata, suna ne kawai ke bambanta. Wanda ya gama ta wannan ƙofa, jarrabawar lasisi ɗaya zai zauna da wanda ya yi shekara huɗu. Ingila da Amurka su ma suna da makamancinsa, amma ni na lardin Ontariyo a Kanada na bi, a kansa zan tsaya.

Ku riƙe kalmar nan, matsewa. Aikin nas ɗin da za a koya maka ba a rage shi ba, lokacin aka rage. A York zango shida ne a jere, babu dogon hutun da sauran ɗalibai ke samu su nemi kuɗi. Ga aji, ga zuwa asibiti koyon aiki, wani lokaci awa 12 a tsaye.

Ni Bayokemistiri na karanta. Abin da ya fara jefa mini tunanin nas shi ne jinyar Hajiyarmu, mako uku ina kwana a asibiti. Da dare nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin gaba ɗaya, kuma ita ce ta fara lura numfashin Hajiya ya canja tun kafin mu da ke zaune a gefenta mu ankara. Abin ya tsaya mini a rai. Amma kada na yi muku ƙarya, rabin niyyata son aikin ne, rabin kuma son barin ƙasar ne. Abokaina ma sun sha tsokanata, wai ƙato da ni zan sa fararen kaya ina bin gado-gado.

Kuskuren farko, na tafi wajen ejan. Ofis mai sanyi, hotunan tutoci a bango, mutumin baki kamar zuma. Ya ce mini kada ma na wahalar da kaina da shekara biyu, akwai karatun nas na ƙasa da shekara ɗaya, gurbi tabbas. Na biya kuɗin fom. Bayan 'yan makonni takarda ta zo, da sunana, da tambarin wata kwaleji. Baba ya duba, ya yi shiru, ya ce, "Idan wannan ce hanyarka, sai a sa gonar ƙauye a kasuwa." Har dillali ya fara kai mutane suna zagayawa.

Allah ya taimake ni, wani abokina yana da yaya da ke aikin nas a can Ontariyo. Na tura mata hoton takardar ta WhatsApp, ina jiran ta taya ni murna. Sai ga kiranta. Ta ce, "Ƙanena, wa ya ce maka wannan karatun nas ne?"

A nan nake so kowa ya buɗe kunne, don a nan ake cin kuɗin mutanenmu. A Ontariyo akwai matakai daban-daban da mu daga nesa muke haɗawa mu kira duka nas. Akwai cikakken nas mai rajista, wanda suke kira RN, kuma tun 2005 sai da digiri ake shiga wannan matakin. Akwai RPN, shi difloma ce ta kwaleji, wajen shekara biyu, shi ma nas ne mai lasisi amma iyakar aikinsa ta fi ƙanƙanta. Sannan akwai PSW, mai taimaka wa tsofaffi da marasa lafiya wajen wanka, cin abinci, sa kaya da makamantansu. Aiki ne na mutunci, ba na raina shi ko kaɗan, amma ba nas ba ne, kuma takardarsa ba za ta kai ka ɗakin jarrabawar nas ba. Wannan na ukun aka sayar mini. Kuɗin fom ya tafi, ejan ya daina ɗaukar wayata, gona dai ta tsira.

Yaya ta ba ni ma'auni ɗaya, ni ma shi zan ba ku. Duk kwas ɗin da aka nuna maka, tambayi: idan na gama, zan iya zama jarrabawar NCLEX-RN, na yi rajista da hukumar da ke ba nas lasisi? Ita wannan jarrabawa Kanada ta fara amfani da ita ne a 2015, irin wadda ake yi a Amurka ce. Hukumar lasisin ta Ontariyo, CNO a taƙaice, tana wallafa sunayen shirye-shiryen karatun da ta amince da su. Idan babu sunan naka a ciki, magana ta ƙare.

Daga nan na ce zan nema da kaina. Jami'o'in Ontariyo suna da cibiya ɗaya da ake cike fom ta hannunta, OUAC, kamar dai yadda muke bi ta JAMB. Karatu yana farawa a Satumba, amma yawanci tun Janairu ko Fabrairu an rufe karɓar fom. Wato wanda ya farka a watan Mayu ya riga ya rasa shekarar.

Na shiga da ƙwarin gwiwa, ina taƙama da sakamakona mai kyau. Ashe su sunan digirinka bai dame su sosai ba. Abin da suke buɗewa shi ne tiranskirif, takardar nan da ke jera duk kwas ɗin da ka yi da makin da ka ci, su bi ta layi-layi suna neman wasu darussa na musamman. Kusan ko'ina za a nemi Fiziyolojin ɗan'adam da ilmin ƙididdiga. Wasu su ƙara da Anatomi, wasu Maikurobayoloji, wasu Saikoloji. Jami'ar Toronto har darasin fannin zamantakewa da na adabi ko tarihi da makamantansu take son gani. Saboda haka mai digirin Soshiyoloji da ya je ya cike waɗannan darussa zai iya shiga gaban mai digirin kimiyya da bai yi su ba. Ni ne mai digirin kimiyyar nan. Jami'ar da na nema ta rubuto mini cewa Fiziyolojin da na yi na dabbobi ne gaba ɗaya, zango ɗaya, su kuwa na ɗan'adam suke nema cikakke. Layi ɗaya a tiranskirif, shi ya kayar da ni. Ban ma kai inda za a gwada makina da na wasu ba.

Abin haushin, da na tambaya tun farko da na sani kyauta. Kafin ka biya ko sisi, ka je tsohon sashenka ka nemi littafin da ke bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, ka ɗauki hoton shafukan, ka tura wa ofishin ɗaukar ɗalibai ta imel. Ka tambaye su abu uku a fili: wannan kwas ya wadatar? Shekarun da na yi da gama shi ba su yi yawa ba? Don wasu makarantun ba sa karɓar darasin da ya tsufa. Na uku kuma, wanda ya fi duka: kuna ɗaukar ɗalibin ƙasar waje a wannan shirin? Wasu ba sa ɗauka sam, saboda gurabun koyon aiki a asibiti ƙididdigaggu ne, 'yan ƙasa da masu takardar zama ake ba fifiko. Idan darasi ne ya rage maka, akwai jami'o'in da ke koyarwa daga nesa, kamar Athabasca da ke lardin Albata, mutane da yawa a can suke cike giɓin. Amma ko shi, ka samu amincewar makarantar da kake nema a rubuce kafin ka biya.

Shi kansa tiranskirif ɗin ba a hannunka za ka kai ba. Tsohuwar jami'arka ce za ta aika kai tsaye, ko ga makarantar, ko ga masu tantance takardu irin su WES idan an buƙaci haka. Nawa sai da na yi wata uku ina sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, yau an ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe an ce fayil bai sauko ba. Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san zancen. Ka fara nemansa tun da damina idan kana son cin ma Janairu.

Sai CASPer. Jami'o'i da dama suna neman wannan jarrabawa, kuma ba ta karatu ba ce, ta hali ce. A Jami'ar McMaster aka ƙirƙiro ta. Za a nuna maka wani yanayi, misali abokin aikinka yana yin abin da bai dace ba kuma kai kaɗai ka gani, a ce me za ka yi, kuma don me. Lokacin amsa ɗan kaɗan ne, wani ka buga a kwamfuta, wani ka faɗa da baki a gaban kyamara. Ni da yatsa biyu nake bugu, kafin na gama shimfiɗa gabatarwa irin tamu lokaci ya ƙare. Ga kuma ɗabi'armu ta saurin yanke hukunci, alhali su so suke su ga ka tsaya ka duba ɓangaren kowa kafin ka ce ga mai laifi. Ka koyi bugu da sauri, ka tanadi wuta da intanet mai ƙarfi na ranar, kada ka dogara da sa'a.

Yanzu kuɗi, inda yawancinmu za mu sauka daga motar. Kuɗin makarantar ɗalibin waje ya ninka na ɗan ƙasa sau da dama. Ban da shi, daga Janairun 2024 gwamnatin Kanada ta ɗaga kuɗin zaman da dole ka nuna kana da shi daga dala 10,000 zuwa dala 20,635 na ƙasar, daga baya ma ta sake ƙarawa. A shekarar dai ta sa iyaka ga yawan takardun izinin karatu da take bayarwa. Masu cewa ka je kawai za ka yi aiki ka biya, an yarda ɗalibi ya yi aikin awa 24 a mako a wajen makaranta, amma ku tuna matsewar da na faɗa. Yaya ta ce mini a zangon da take zuwa asibiti, barci ma da ƙyar. Ku ɗauki kalkuleta ku juya kuɗin nan zuwa naira kafin a kira dillalin gona. Tamu da an sayar, ko shekarar farko ba za ta rufe ba.

To a gida fa? Digirin nas a jami'o'inmu shekara biyar ne, kuma akwai shi a ABU Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Wasu jami'o'in suna karɓar mai digirin kimiyya ta shigar kai tsaye ta JAMB, ya fara daga aji biyu. Shekara huɗu ke nan, sai shekarar koyon aiki, da jarrabawar Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya. Bautar ƙasa ba za ka maimaita ba. Dole sakamakonka na sakandare ya kasance da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Gurbin yana da wuya, ba wasa, kuma kowace jami'a da sharaɗinta, sai ka je sashen ka tambaya da bakinka. Ga wanda ya kusa shekara talatin, komawa aji biyu tare da ƙannensa abu ne mai ɗaci, na sani, ni ma ina jin sa. Amma ni a ganina ya fi a sayar da abin da gida ke ci a kan takardar da ba a karanta da kyau ba. Kuma ɗakin nan da nas ɗaya ke riƙewa da dare, har yanzu nas ɗaya ce.

Tambaya ta ƙarshe da Yaya ta yi mini ita ta fi zauna mini. Ta ce, "Ka yi jinyar Hajiya saboda mahaifiyarka ce. Ka taɓa gyara shimfiɗar wani dattijo da ya ɓata ta, wanda ba ka haɗa komai da shi ba, da ƙarfe uku na dare, 'yan'uwansa suna yi maka tsawa?" Na ce a'a. Ta ce to na je na gwada kusantar aikin tukuna.

Wata biyar ke nan duk Asabar ina zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu aikin sa kai. Ba na taɓa allura, ba ni da hurumi. Kati nake rubutawa, na tura keken marasa lafiya, na riƙe yaro a yi masa awo. Ranar farko da aka kawo wani da ya yi haɗarin babur, sai da na fita waje na zauna a kan dakali. Asabar ta gaba na koma. Bana in Allah ya yarda fom ɗin shigar kai tsaye zan saya, na riga na je sassa biyu na ji sharaɗinsu. Gonar kuwa Baba ya shuka gero.

Mako mai zuwa Yaya ta yarda za ta shigo mana ta waya, za ta ba mu labarin yadda zangonta na farko a asibiti ya kasance. Mai tambaya ya shirya ta. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.