Ruwan da ya Fito Daga Gona: Jawabi a Taron Malaman Reshe



A ranin da ya wuce na iske ɗalibaina uku a bakin fadama suna shan ruwan da ya tsiyayo daga wata gonar albasa. Da na hana su, sai ɗayansu ya ce: “Malam, ai ruwan garau yake.” Wannan amsa ce ta sa na nemi izinin yin magana yau.

Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, Gulbin Zamfara ne jigon nomanmu na rani. Wanda ke sama yakan yi ban-ruwa, ragowar ta gangara, na ƙasa ya sa inji ya ja zuwa tasa gonar. Wannan tattali ne mai kyau, domin man inji ya yi tsada. Sai dai ruwan da ya ratsa gona yana tafe da kaya: sauran takin zamani, maganin ƙwari, da gishirin ƙasa. In aka yi ta maimaita shi ba tare da haɗa shi da sabon ruwa ba, gishirin kan taru har ƙasa ta yi fari-fari, shuka ta tsumbure. In kuma ya kwanta, ya zama gidan sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Mu ba baƙin wannan darasi ba ne. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, kuma har kududdufan da aka wanke dutsen zinariya a cikinsu sun gurɓace. Dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ma ba ta fitar da ita. Yaron da ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, a ajinmu yake zaune, mu ke fama da shi.

Saboda haka ina roƙon mu koya wa yara abu uku. Ragowar ruwan gona na shuka ne, ba na sha ko wanka ba. Kududdufin da aka wanke ma'adini a ciki, ko dabba kada ta sha, balle a shayar da kayan lambu. Jarkar maganin feshi kuwa ba ta zama ta ɗiban ruwa. Mu kai maganar taron iyaye da malamai, domin rigakafi ya fi magani.

 Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.