Yadda Ake Kama Wuta Da Kyamara



An nemi mu yi magana a kan ɗaukar hoton wasan tartsatsin wuta, irin wanda aka yi a filin sukuwa na Ikko a daren da aka sauke tutar Ingila, wayewar 1 ga Oktoba 1960. Mu 'yan Ikara da Maƙarfi da Kudan ba mu tashi da irin wannan wasa ba, amma muna da wutarmu. Akwai wadda ke fita daga bakin bindiga ranar hawan salla, ko a garin hakimi ko a Zariya ran hawan Daushe. Akwai kuma ta murhun masu dafa mazarƙwaila, wadda ke watsa tartsatsi bayan faɗuwar rana lokacin rake. Ilmin ɗaukarsu duka ɗaya ne, kuma muna bukatarsa, domin masu manyan kyamarori birni suke tsayawa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Madalla. Amma 'yan bindigar ƙauyenmu, in ba mu muka ɗauke su ba, wa zai zo?

Abin da ke ba mutane wuya shi ne suna bin wuta da gudu. Walƙiyar bindiga ba ta jiran kowa. Tsakanin ganin ido da motsin yatsa akan sami wajen rubu'in daƙiƙa, kafin nan kuwa ta mutu, sai hayaƙi. Saboda haka ba a farautar wuta, tarko ake ɗana mata: a buɗe kyamara tun kafin ta zo, a bar ta ta rubuta kanta.

Ga yadda tarkon yake. Cikin kyamara akwai marfi, wanda ke buɗewa ya rufe kamar fatar ido, akwai kuma ƙofar haske, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Da dare sai a bar marfin a buɗe daƙiƙa 2 zuwa 4, ko a juya shi kan harafin B, watau ya zauna a buɗe muddin yatsa na kan maɓalli. Ƙofar haske kuwa a tsuke ta, tsakanin f/8 da f/16, lambar ISO a ajiye ta a 100. Wani zai ce, ana cikin duhu kuma a tsuke ƙofa? I, domin ba duhun muke ɗauka ba, wutar ce, ita kuwa haskenta ya isa. In aka wangale ƙofa sai ja da ɗorawa su ƙone su koma fari fat. A riƙe wannan: ƙofa ita ke da ikon ƙarfin haske, marfi shi ke da ikon tsawon zaren da tartsatsi zai ja.

Tun da marfi zai daɗe a buɗe, lalle kyamara ta zauna daram. Wanda ba shi da mariƙi mai ƙafa uku kada ya damu. Katanga ta isa, buhun masara ma ya fi, don yakan rungume kyamara. A sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 kada hannu ya girgiza ta. A saita nisa da hannu tun da sauran haske, don cikin duhu kyamara lalube take yi. Filasha kuwa a kashe ta. Ta ƙaramar kyamara ba ta wuce 'yan mitoci kaɗan, abin da za ta haska kawai ƙeyar na gabanka ce da ƙurar hunturu. Masu waya ma ba a bar su a baya ba, wayoyi da yawa suna da sashen da ake saita marfi da ISO da hannu.

Hawan salla da rana ake yi, nan kuwa lissafi ya juya. Daƙiƙa 2 cikin rana farar takarda za ta ba ka. Sai a mai da marfi 1/1000, a sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere, a kuma zuba ido kan 'yan bindiga sa'ad da suka ɗaga bindigoginsu, a fara danna tun kafin ƙara. Yawancin hotunan za a zubar, ɗaya ake nema. Hayaƙin albarushi ya fi kyau in rana tana bayansa, kuma hoton farko ya fi tsabta, kafin fili ya turnuƙe. A duba inda iska ta nufa, a ba ta baya.

Sa'an nan, jama'a, bindigar maƙera takan fashe in an cika mata albarushi, doki kuma yakan firgita da ƙara. A tsaya gefe da nisa, a jawo hoton da dogon gilashi. Masu mazarƙwaila kuwa a yi musu sallama a nemi izini kafin a kafa kyamara, in an wanke hoton a kai musu nasu.