Wayar Hannu da 'Yan Sakandare: A Ina Ɓarnar Take Kwana?



Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin jihar Gombe tana da shekara biyar kacal da kafuwa. Ke nan duk yaron da ke sakandare yau, ɗan Pantami ne ko Jekadafari ko Bolari, ya buɗi ido ne ya tarar da ita a hannun mahaifiyarsa.

Da an ɗauko zancen, sai mu ce a hana shiga da ita makaranta. Ban ƙi ba. Faransa ma ta kafa doka a 2018 ta haramta ta a firamare da ƙaramar sakandare, kuma WAEC da NECO suna ɗaukar shiga ɗakin jarrabawa da waya a matsayin satar amsa. Sai dai a ganina, babbar ɓarnar a gidajenmu ake yin ta.

Ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta, gida ya yi tsit, amma ga ɗan haske yana leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Yarinya tana TikTok, wanta yana hira a WhatsApp, don datar dare ta fi araha. Da asuba sai an yi ta bugun ƙofa kafin su motsa. Ƙarfe tara malamin lissafi yana fama a gaban allo, yaro yana gyangyaɗi. Malam ya ɗauka daƙiƙanci ne, alhali barci ne ya zo karɓar bashinsa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana karatun da aka zuba mata da rana. Ga kuma saurin fushi da baƙar magana ga na gaba, waɗanda ba sa rabuwa da wanda bai ƙoshi da barci ba.

Rubutu ma ya sha kashi. Na taɓa duba wasiƙar da wani ɗalibi ya rubuta a jarrabawar Hausa, ya buɗe ta da "slm ykk". Na yi dariya, daga baya abin ya dame ni.

To, a ƙwace wayar ɗungurungum? Ba zai yiwu ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, kuma ɗalibi ba ya yin rajista sai da layin waya da lambar NIN. Mai son shiga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere dole ya bi ta nan. Abin takaici, yaron da ya ƙware wajen shafa gilashin waya, sai ka zaunar da shi gaban kwamfuta ka ga hannunsa yana rawa a kan linzami. Gyara wannan aikin makarantu ne.

Namu kuwa, iyaye, ga roƙona: da an idar da sallar isha'i, a karɓi wayar yaro ta kwana a ɗakin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, har sai ya dawo daga makaranta.