Ku riƙa leƙa akwatin Spam: jawabi ga sababbin ɗaliban Gure

Ƴan uwana matasa, musamman ku da kuka samu BAC bana kuna shirin tafiya Jami'ar André Salifou ta Damagaram, barkanku da zuwa.

Wani ƙanena ya nemi bursu ta karatu a waje, ya yi wata biyu yana jiran amsa, shiru. Ashe amsar ta zo tun tuni, tana kwance a akwatin Spam. Ranar da ya gan ta, wa'adin aika takardu ya wuce da kwana huɗu. A watan nan kuma wata wasiƙa ta shigo masa kai tsaye, wai ya ci bursun Kanada, ya turo jika ashirin kuɗin dosiye. Ta gaskiya ta ɓuya, ta ƙarya ta iso.

Me ya sa haka? Tarkacen imel tsohuwar cuta ce. Tun 1978 wani ɗan talla a Amurka ya aika saƙo guda ga mutane wajen 400, yau kuwa kusan rabin imel ɗin duniya tarkace ne. Shi ya sa Gmail da Yahoo suka sa rariya. Tana duba adireshin mai aikowa, da kalmomin saƙon, da mahaɗin da ke ciki, da ko mutane sun taɓa ƙorafi a kansa. Tana aiki sosai, amma na'ura ce, tana kuskure ta gefe biyu. Malami ya tura saƙo ɗaya ga ɗalibai ɗari uku daga adireshinsa na kansa, sai rariyar ta ɗauke shi ɗan talla. Kuma ku sani, Gmail na share abin da ya kwana 30 a Spam.

To, abu huɗu nake roƙonku.

Na farko, ku buɗe Spam ko da sau ɗaya a mako. In kun ga saƙon gaskiya, ku danna wurin da ke cewa ba tarkace ba ne. Da haka rariyar ke koyo.

Na biyu, ku ajiye adireshin sashenku da na malamanku cikin jerin abokan hulɗa.

Na uku, ku karanta abin da ke bayan alamar @, kada suna ya ruɗe ku. Kowa na iya rubuta ANAB a goshin saƙo. In kuna shakka, ku taka ƙafa zuwa ofis ku tambaya.

Na huɗu, kada ku ba kowa lambar sirrinku, kada ku biya kuɗi don bursun da ba ku nema ba. Ta gwamnatin Turkiyya ma kyauta ake cike ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda aka damfara kuma ya kai ƙara, Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019.

Ga hukumomin jami'o'inmu kuwa, muna kira da su riƙa aika sanarwa daga adireshin hukuma guda da kowa ya sani, su kuma manna ta a allo. Ɗan Gure da ke hutu a gida, tafiyar fiye da kilomita 150 daga Damagaram, wayarsa ce allonsa.

Yanzu kowa ya ciro wayarsa, mu buɗe Spam tare. Wanda ya tarar da wani abu ya ɗaga hannu.