AMSOSHIN WASIƘUNKU: Su wa za a tuna gobe?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Panisau take, a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Wani malamin firamare ne ya ce ya tarar da buhu guda na littattafan soyayya a ɗakin 'yarsa, har yana shawarar cinna musu wuta. Yana tambaya: cikin marubutan zamani, akwai wanda jikokinmu za su tuna kuwa?

To Malam, dakata da ashanar tukuna.

Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ta fitar da littattafai biyar, har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma tambayi ɗalibanka wanda ya rubuta Idon Matambayi. Da wuya ka sami mai cewa Muhammadu Gwarzo. Imam kuwa ya rasu tun 1981, har yau ana karanta Magana Jari Ce. Me ya jawo? Hausarsa akwai zaƙi, kuma makarantu sun riƙe shi, ana ta sake buga shi.

Na bayansu fa? A shekarun 1990 wasu masana sun kira littattafansu Adabin Kasuwar Kano, suka ce ba za su yi ƙarko ba. Gaskiya da yawa sun ɓace, don takardar ba ta da ƙwari, kuma bugu ɗaya ake yi. Amma ni dai a ganina uku za su tsira. Hafsat Abdulwaheed, mai So Aljannar Duniya na 1980, domin ita ta buɗe wa mata ƙofa. Sai Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, wanda ya sa matasa rububin karatun Hausa. Sai Balaraba Ramat Yakubu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne, wadda miji ya kora ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci. A 2012 har a Indiya an buga shi da Turanci. Muddin ana sakin mata da 'ya'ya a ƙasar nan, Malam, ba za a manta da Rabi ba.

Saboda haka zazzage buhun nan, ku zauna kai da yarinyar ku tantance. Wanda bai dace ba a kawar, mai ma'ana a sa masa bango a adana, kada gara ta ci. Littafin da aka ƙone, jika ba zai gan shi ba balle ya yi masa hukunci.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.