Kufan Leburorin Auduga a Funtuwa da Malumfashi



In aka yi zancen haƙa ƙasa don neman tarihi, hankalinmu kan tafi ga kushewar sarakuna, kamar Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda aka yi haƙa a 1907, aka kuma sake a 1992. Wannan aiki ne mai kyau. Amma yau ina so in ja hankalinku ga wani kufai wanda ba na sarki ba, watau inda leburorin gidan gurzar auduga suka kwana suka tashi.

A 1902 aka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta na Ingila, domin samo wa masaƙun Lankasha auduga daga ƙasashen da Turawa ke mulki. Ita ce BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Funtuwa, har ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, sai ƙasar nan ta zama zuciyar noman auduga. Aka kafa injin gurza a Funtuwa, aka kafa a Malumfashi. Inji kuwa ba ya ɗura wa kansa auduga. Mutane ne suka sauke buhu, suka ware angurya, suka ɗaure dila, da yawansu 'yan ci-rani ne, gama aikin gurza na bayan kaka ne.

To, takardun kamfani da na Gwamnati sun fi kula da nauyin dila da farashinta. Abin da lebura ya ci, da irin ɗakin da ya kwana, da rijiyar da ya sha, wannan sai ƙasa ce ta adana.

Ga misali daga Amurka. A garin Lowell na Jihar Masacusets, a 1985 da 1986, Mary Beaudry da Stephen Mrozowski sun jagoranci haƙa a bayan gidajen da masaƙar Boott ta gina wa ma'aikatanta. Kamfanin ya yi suna da tsafta da tarbiyya, ya kuma hana shan giya a gidajen. Amma ƙasa ta fito da kwalaben giya da na magani, da lofen taba, da shaidar cewa bayan gidajen cike yake da ƙazanta. Ashe abin da hukuma ta rubuta daban, abin da talaka ya rayu a ciki daban.

Yaya za a yi irin wannan aiki a nan? Mataki biyu ne. Na farko shi ne kewayen fili. Kafin a taɓa ƙasa, sai a tara tsofaffin taswirori da takardun ma'adanar tarihi ta Kaduna, a zauna da dattawan da suka yi aikin ko 'ya'yansu, su nuna inda ɗakuna suke, da rijiya, da juji. Sa'an nan masu bincike su jeru su taka filin a hankali, suna alamta kowane tudun rusasshiyar katanga da kowane kasko.

Na biyu shi ne ramin gwaji. Ba a tone fili duka. Akan haƙa ƙananan ramuka, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a wuraren da aka zaɓa, ana ɗebe ƙasa hawa-hawa, ana tankaɗe ta da rariya. Abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke bisa. Kuɗi ma shaida ne: anini da kwabo mai huda na nuna zamanin Turawa, kuɗin Naira kuwa ba su riga 1973 ba. Juji shi ne babban littafi. Ƙashin da aka jefar zai faɗi ko lebura na samun nama. Ranar da kwanon sha ya kori ƙwarya, fitilar kananzir ta kori aci-balbal, duk juji ya riƙe. Ƙirar tukunya ma takan nuna daga ina mai ita ya fito.

Sai dai lokaci ba ya jira. Garuruwan nan suna faɗaɗa, ana yanka filaye, kuma ginshiƙin gida ɗaya ya isa ya dagula abin da ya kwanta shekara tamanin. Dattawan da suka san wurin su ma suna ƙarewa.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan ƙasa da safiyo, kafin ku sa hannu a kan takardar fili a tsohuwar harabar inji, ku sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa wannan nauyi. Ku kuma ɗalibai, akwai sashen ilimin kufai a Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi Zariya ba nisa. Ku fara da abin da ke hannunku: in kun koma gida hutu, ku zauna gaban kakanninku da littafi da alƙalami. Mutanen da suka ɗauki audugar nan a kansu sun cancanci a san yadda suka zauna.

Allah ya sa mu dace.